Ci a Jere: Gaskiyar Filin Kokawa da Ruɗin Takardar Caca

Da zarar an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, wake ya fara fita kasuwannin Urafane, Tasawa da Mayahi, kuɗi kan ɗan zauna a aljihun matasa. A da, mai son caca sai ya laɓe a bayan kasuwa da karta, ko ya je birni ya sayi tikitin sukuwar dawakin Faransa a rumfar hukumar caca ta LONANI. Yau wayar salula ta kawo cacar ƙwallo har cikin ɗaki. Kuma maganganun da ke riƙe da yawancin masu yi biyu ne: wane yana cikin sa'a, ya ci sau uku a jere, kada ya tsaya yanzu, wane kuwa ya sha kaye sau biyar, lokacinsa ya kusa. Duka maganganun biyu sun ginu ne a kan zaton cewa abin da ya faru jiya yana jan na yau. A fagen wasa, wannan zato yana da ɗan gaskiya. A caca ba shi da ko kaɗan, kuma wanda ya haɗa biyun shi ke biyan kuɗin kuskuren.

Mu fara da inda gaskiyar take. Tun da aka soma kokawar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama sarkin fili, ƴan Nijar sun ga mazajen da suka daɗe suna ka da abokan karawa. Salma Ɗan Rani na Doso ya yi zamaninsa, Isaka Isaka ya ɗauki takobi har sau 6. Babu mai hankalin da zai ce wannan dace ne kawai. Akwai ƙarfi, da numfashi, da sanin kamu, da horo, da kwarjinin da ke sa gaban abokin karo ya faɗi tun kafin a haɗa hannu. Waɗannan abubuwa suna jikin mutum, yana kwana da su yana tashi da su, shi ya sa nasarar jiya ke ba da labarin ta gobe. Amma a lura da kyau: ƙarfin ne ke haifar da jerin nasara, jerin ba ya ka da kowa. Shi ya sa ma yake yankewa ba sallama. A ƙarshen 2024, a Doso, gaban jama'arsa, Isaka Isaka ya rasa takobi a hannun Abba Ibro na Tawa. Haka ma a ƙwallon ƙafa, ƙungiyar Arsenal ta buga wasa 49 a gasar Ingila ba a doke ta ba, sai Manchester United ta tsinka igiyar a watan Oktoba na 2004. Ajantina ta shiga gasar cin kofin duniya ta 2022 da wasa 36 babu kaye, Saudiyya ta ci ta 2 da 1 a wasan farko.

To, me ke jikin karta, ko ɗan lido, ko na'urar caca, da zai riƙe labarin jiya? Babu. A jefa kwabo sama: damar ya faɗo ta fuska ɗaya rabi ce, ko da ya yi hakan sau tara a baya. Damar fuska ɗaya ta fito sau 5 a jere ita ce 1 cikin 32, sau 10 a jere kuwa 1 cikin 1,024. Wannan lissafi ne ke bayyana abin da ke ruɗin mutane. Idan matasa 3,200 suka yi cacar rabi-da-rabi sau biyar, kimanin 100 daga cikinsu za su ci duka biyar ɗin, ba don laya ko basira ba, sai don yawan masu gwadawa. Waɗannan 100 su ne za a ji labarinsu a majalisar shayi, su ne za su nuna hoton tikiti a waya. Sauran 3,100 ba sa shela. Saboda haka idan aka ce an san wane da ya ci ya sayi babur, maganar gaskiya ce, sai dai ba ta tabbatar da komai ba: lissafi da kansa ya ce dole a samu irinsa, kuma kuɗin babur ɗin daga aljihun waɗanda suka yi shiru ya fito.

Ɗaya ɓangaren ruɗin, wato "lokacina ya kusa", ya fi cin dukiya. A ranar 18 ga Agusta 1913, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon faifan caca ta faɗa a baƙi sau 26 a jere. Tun ana tsakiyar jerin mutane suka dinga zuba kuɗi a kan ja, suna cewa ai dole yanzu ya fito, suka yi asarar miliyoyi. Faifan bai san bashin kowa ba. Irin wannan tunani ne ke sa mai ramuwa ya riƙa ninka kuɗi bayan kowane kaye. Wanda ya fara da dala 100, wato sefa 500, yana ninkawa duk lokacin da aka cinye shi, idan ya faɗi sau goma a jere ya zubar da sefa 511,500, kuma sai ya ajiye 512,000 a karo na gaba don ya fita da ribar sefa 500 kacal. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Mai cacar ƙwallo zai ce wannan bai shafe shi ba, domin shi ba kwabo yake jefawa ba: ya san ƙungiyoyi, ya san wanda ya ji rauni, ya san mai tashe. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Masana sun daɗe suna gardama kan ko ɗan wasa yana da lokacin da hannunsa ke ci fiye da kullum. A 1985, Thomas Gilovich, Robert Vallone da Amos Tversky sun bi diddigin jifan ƴan ƙwallon kwando a Amurka, suka ce ba su ga alamar cewa wanda ya jefa ta shiga a jere ya fi damar sake ci ba. Daga baya Joshua Miller da Adam Sanjurjo, a binciken da aka buga a 2018, sun gano tangarɗa a yadda aka yi waccan ƙidayar, suka nuna cewa tashen ɗan wasa yana iya zama gaskiya. To, a karɓi wannan. Amma tashen na ɗan wasa ne da ke gumi a fili. Mai riƙe da waya a Urafane ba ya samun kaso a ciki, domin kamfanin caca ya riga shi ganin tashen. Yana da kwamfutoci da ma'aikata da bayanan dubban wasanni, kuma da zarar ƙungiya ta fara ci a jere sai ya rage abin da zai biya a kanta. Abin da kowa ya sani an riga an cire shi daga farashi.

Bayan haka akwai ladan kamfani, wanda ba ya fashi. A ɗauki wasan da ɓangarorin biyu suke kunnen doki. Adalci shi ne wanda ya sa jaka ɗaya ya karɓi jaka biyu idan ya ci. A ce kamfani ya biya sefa 1,900. Mutum biyu sun sa jaka ɗaya-ɗaya a ɓangarori daban, kamfani ya karɓi 2,000, ya biya 1,900, ya riƙe 100, ko wa ya yi nasara. Kashi 5 cikin 100 ke nan, kuma yana kama da ƙaramin abu. Sai dai matasa sun fi son haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya don ƴan daloli su zama miliyan, kuma a nan ladan ke hawa kan lada. Tikiti mai wasa 10 da irin wannan yanka a kowane wasa yana barin kusan kashi 40 cikin 100 a hannun kamfani. Shi ya sa kukan "wasa ɗaya ne ya yanke ni" ya zama ruwan dare. Ko da kowane wasa cikin goman yana da damar kashi 80 cikin 100, damar su zo duka ba ta kai kashi 11 ba. A sukuwar dawaki ma haka ne: cikin dawaki 16, akwai hanyoyi 3,360 na jera ukun farko, da 524,160 na jera biyar, kuma ana cire rabon masu shiryawa kafin a raba saura.

Akwai wani bincike da masu kare sa'a za su so kafa hujja da shi. A 2014, Juemin Xu da Nigel Harvey na wata jami'a a Landan sun duba caca fiye da 500,000 da mutum 776 suka yi ta intanet, suka ga lallai wanda ya ci a jere ya fi yiwuwar sake ci. Da suka tona dalili, sai suka tarar masu cin suna komawa ga wasanni masu sauƙi da ƙaramar riba, su kuma waɗanda aka cinye suna afkawa masu haɗari don su fanshe. Halin mutane ne ya sauya, kuma yawan cin bai sa masu jerin nasara sun fi samun kuɗi ba.

Wannan lissafi kuma shi ke tona asirin masu sayar da "tabbataccen wasa" a WhatsApp da Telegram. Mutum ya tara lambobi 1,024, ya ce wa rabi ƙungiyar gida za ta ci, ya ce wa rabi ba za ta ci ba. Gobe ya bar waɗanda ya ɓatar, ya sake raba saura biyu. Bayan wasa biyar yana da mutum 32 da suka ga ya faɗi daidai sau biyar a jere, kuma a shirye suke su tura masa kuɗi. Tambaya ɗaya ta ishe shi, ta kuma ishi duk bokan da ke ba da lamba: wanda ya san sakamakon gobe, me zai yi da jaka biyun talaka?

Wasu za su ce talauci ne, damina ba ta da tabbas, aiki babu, gara a gwada. Matsin gaskiya ne, amma shi ne ma dalilin da ya sa asarar ta fi ciwo. Kuɗin da ke tafiya na iri ne, na taki, na guzurin ci-rani, wani lokaci na akuyar uwa. Kuma cin farko ya fi kaye haɗari, domin shi ke sa mutum ya ɗauka yana da wata baiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da caca cikin cututtukan da ke buƙatar magani, Alƙur'ani kuwa ya haramta ta a Suratul Ma'ida tare da giya, ya ambaci gaba da ƙiyayyar da take haddasawa.

Don haka, ɗan'uwa, idan kana shakka, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka sa da duk abin da ka karɓa na wata uku, kada ka tsallake ko dala ɗaya, sannan ka haɗa jimla. Iyaye da malamai da shugabannin fada su daina tsayawa ga tsawa kaɗai, su zauna da matasa su yi musu wannan lissafi a fili, su kuma ja wanda ya riga ya nutse a jiki maimakon tozarta shi. A je fili a yi wa gwanin kokawa kirari, a kalli ƙwallo a ji daɗi, amma kuɗin hatsi ya tsaya a gida.