Filin Wasa na Seyni Kountché: Gyara ko Sabon Gini?

Filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke birnin Yamai, wanda ƙasar Sin ta gina aka kuma buɗe shi a 1989, shi ne mafi girma a Jamhuriyar Nijar, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kimanin dubu 35. A cikinsa aka yi bukukuwan wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Disambar 2005, a nan aka buga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, sannan ya raba ta 'yan ƙasa da shekara 20 da filin Maraɗi a 2019. A kan ciyawarsa ne kuma ƙungiyar ƙasa, wato Mena, ta doke Masar da ci ɗaya mai ban haushi a watan Oktoban 2010, nasarar da ta share mata hanyar zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012, karon farko a tarihinta.

Sai dai bayan 2021, shekarar da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta tsaurara sharuɗɗan filayen da za a buga manyan wasanni a cikinsu, filin ya rasa matsayinsa, ta yadda Mena ta koma karɓar baƙinta a ƙasashen wasu. Ta karɓi Tanzaniya a Kwatano a 2022, ta karɓi Sudan a Lome a 2024, a watan Maris na 2025 kuwa ta karɓi Maroko a birnin Oujda, wato a cikin ƙasar abokiyar karawarta, duk da cewa a takarda Nijar ce mai masaukin baƙi. Kowane irin wannan wasa yana nufin kuɗin jirgi da na masauki da na hayar fili, yana kuma raba 'yan wasa da ihun magoya bayansu, wanda ke cikin manyan dalilan da suka sa ake ɗokin wasan gida tun farko. Daga nan ne tambayar ta taso, ko a gyara tsohon filin ko a nemi wani wuri a gina sabo.

Kafin a amsa, ya kamata a fahimci abin da masu duba filaye ke nema, domin yawancinsa bai shafi ginin kansa ba. Suna duba lafiyar ciyawa da hanyoyin da ruwan sama ke bi ya tsiyaye daga ƙarƙashinta, da ƙarfin fitilun da ke ba da damar ɗaukar wasa a talabijin da dare, da kujeru masu lamba maimakon dakalin siminti, da ɗakunan sauya kaya da na likita da na 'yan jarida, da kuma ƙofofin da jama'a za su iya fita ta cikinsu da sauri idan hatsari ya auku. Wasu na kallon waɗannan sharuɗɗa a matsayin tsangwama ga ƙasashe matalauta, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, musamman ga wanda ya tuna mutane takwas da suka mutu a turmutsitsin ƙofar filin Olembe na Kamaru a watan Janairun 2022. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya cirewa a sauya. Abin da ba ya sauyuwa cikin sauƙi shi ne abin da injiniyoyi ke kira ƙashin gini, wato harsashi da ginshiƙai da matakalan kankare waɗanda ke ɗauke da nauyin dubban mutane. Kankare na iya yin shekaru da yawa da ƙarfinsa, amma idan ya tsage ruwa ya kai ga rodin da ke cikinsa, rodin yakan yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, kuma a wannan mataki fenti da sabbin kujeru ɓoye cuta kawai suke yi. Saboda haka hukuncin farko na injiniyoyi ne masu gwada ƙashin ginin, ba na 'yan siyasa ko 'yan kwangila ba.

Masu goyon bayan sabon gini suna da hujjarsu. Tsohon fili yana tsakiyar gari, inda faɗaɗawa ke da wuya, tsarinsa kuma na wani zamani ne, sannan aikin gyara yakan tono ɓarnar da ba a lissafa da ita ba har kuɗin ya ninka. Sukan kafa misali da Senegal, wadda ta buɗe filin Abdoulaye Wade mai ɗaukar mutum dubu 50 a Diamniadio a 2022, ta fita daga matsalar kai wasanninta waje.

Darasin Nijeriya, duk da haka, ya fi kusa kuma ya fi zafi. Babban filin Surulere na Legas, wanda aka gina a 1972, ya karɓi wasannin Afirka na 1973 da wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980 da 2000, amma da aka buɗe sabon filin Abuja a 2003 sai aka juya masa baya har ya lalace. Shi ma na Abujan bai tsira ba, domin ciyawarsa ta mutu har sai da attajiri Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin farfaɗo da ita, kuma a 'yan shekarun nan ƙungiyar ƙasar, Super Eagles, ta fi buga wasanninta a Uyo. Ƙasar ta gina sabo ta yi asarar tsoho, sannan sabon ya bi sawun tsohon, saboda cutar da ta kashe na farko, wato rashin kuɗin kulawa na shekara-shekara, ba a magance ta ba. Burkina Faso kuwa, wadda filinta na 4 Août a Wagadugu sa'an na Yamai ne, kuma shi ma Sin ce ta gina shi, ta zaɓi gyara. Aikin ya ja lokaci tun daga 2021, amma a 2025 ƙungiyarta ta dawo gida ta kara da Masar a gaban jama'arta.

Wannan muhawara ba ta mutanen Yamai kaɗai ba ce, domin baitulmalin da za a ɗebi kuɗin daga cikinsa na ƙasa ne baki ɗaya. Ƙaramar hukumar karkara ta Alakoss, a gundumar Gure ta jihar Damagaram, tana nesa ƙwarai da babban birnin, Gure kanta ta haura kilomita dubu daga Yamai, kuma yawancin manoma da makiyayan yankin ba za su taɓa zama a kujerun wannan fili ba, sai dai su bi wasa ta rediyo ko ta waya. Matasan irin waɗannan garuruwa a kan rairayi suke buga ƙwallo, kuma abin da suke buƙata bai wuce fili da aka daidaita aka killace, da raga da ƙwallaye da alƙalin wasa da ya samu horo ba. Bambancin kuɗin da ke tsakanin gyara da sabon gini zai iya samar da irin waɗannan filaye masu yawa, waɗanda daga cikinsu ne 'yan wasan Mena na gaba za su fito. Mutumin Alakoss kuma ya fi kowa sanin ƙa'idar da ake mantawa da ita a manyan birane, domin ya san cewa ginin ƙasar da ake yi wa yaɓe kafin kowace damina yakan kai ga jikoki, wanda aka bari kuwa ruwan 'yan shekaru ya isa ya kwantar da shi.

Nijar ta riga ta gwada zuba kuɗi a gine-ginen jihohi ta hanyar bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi, wanda ya kai Maraɗi a 2015 da Damagaram a 2018, kuma abin da ke tantance amfanin irin waɗannan ayyuka shi ne halin da suke ciki bayan an watse daga biki. A yanki kamar Damagaram, inda ruwan sha kansa ke ƙaranci, ciyawa ta gaske tana buƙatar ban ruwa kullum, ciyawar roba kuma, wadda ba ta shan ruwa sosai, tana ɗaukar zafi a bazara, tana kuma buƙatar sauyi bayan kimanin shekara goma. Filayen kokowar gargajiya, inda ake fafata gasar takobi tun 1975, sun fi dacewa da ƙasar ta wannan fuska, tunda rairayi ne shimfiɗarsu.

Bisa waɗannan dalilai, muddin gwaji ya tabbatar da cewa ƙashin ginin filin Seyni Kountché yana da lafiya, gyara mai zurfi shi ya fi dacewa da Nijar, kuma rushewa ko ƙaura ba su da hujja sai in injiniyoyi sun nuna cewa tsatsa ta ci ginshiƙan. Gyaran kuma yana da sharaɗi biyu da ya kamata a cika kafin a sa hannu a kwangila: a ware kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara, tare da kason da ake samu daga tikiti da hayar shaguna da taruka, sannan kamfanin da ya yi aikin ya horar da 'yan ƙasa masu kula da ciyawa da fitilu da famfuna, ya kuma bar musu kayan gyaran da ake iya samu a kasuwannin yankin.