Koya wa Yara Tattalin Ruwa Ba Tare da Cutar da Lafiyarsu Ba

Da bazara, idan rijiyoyi suka ƙafe, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗi, gidaje da yawa kan rage wanke hannu. Ta nan gudawa da kwalara ke samun ƙofa. Don haka ɓarnar ruwa za a hana yara, ba tsabta ba.

Ku koya musu su jiƙa hannu da buta, su cuɗa da sabulu na sakan 20, sannan su ɗauraye. Su goge haƙora da ruwan kofi ɗaya, su riƙa rufe randa, su ɗiba da moɗa mai tsabta. A makaranta, su sanar da malami idan famfo yana yoyo. Amma kada a rage musu ruwan sha, musamman lokacin zafi.