«Cholangite» ga masu sida: wace kalma ce ta dace da hausa?

Kalmar da ke fara zo wa mai fassara ita ce «shawara». A ganinmu ba ta dace ba, mun fi son «kumburin hanyoyin maɗaciya». Shawara, a bakin Bahaushe, ido ne ya yi rawaya, alhali mafi yawan masu sida da ke da wannan ciwo idonsu ba ya sake launi. Kukansu ciwon ciki ne ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, sau da yawa tare da zawo, galibi in ƙwayoyin CD4 sun kasa 100. Likita yana gano shi ta ekografi da awon fosfataz alkalin cikin jini. In awon ya hau ƙwarai kuma CD4 ya faɗi, alama ce marar kyau: kafin haɗin magungunan sida na 1996, irin waɗannan majinyata da yawa ba su cika shekara ba.