Yadda Lua Ke Gane Gadon C++

Masu ƙera wasannin kwamfuta sukan rubuta ƙashin bayan wasa da C++ saboda sauri, sannan su dasa wani ƙaramin harshe a ciki domin a riƙa sauya abubuwa ba sai an sake harhaɗa manhajar gaba ɗaya ba. Harshen da ya yi fice a wannan aiki shi ne Lua, wanda Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu suka ƙirƙira a jami'ar PUC-Rio ta Brazil a 1993. Da shi 'yan wasan World of Warcraft ke rubuta ƙarin kayan aikinsu.

Matsalar ita ce Lua ba ta san aji ba, balle gado. A C++ kana iya cewa ajin Soja ya gaji ajin Mutum, duk abin da Mutum ya iya, Soja ma ya iya. Ita Lua tebur kawai ta sani. Sai a naɗe abin C++ cikin userdata, wato mazubin da Lua ke riƙe abin waje a ciki, a liƙa masa metatable, wato teburin da ke tsara halayensa, a sa __index na Soja ya nuna teburin Mutum. In an nemi aiki a wurin ɗa ba a samu ba, sai a tambayi uba. Wannan bai da wuya, kuma kayan haɗa Lua da C++ irin su sol2 da LuaBridge suna yi maka shi.

Inda ake shan wahala shi ne jera umarni a layi ɗaya, kamar soja:matsa(5):juya(90):harba(). Kowane aiki yana mayar da abin da aka kira shi a kai, don na gaba ya ɗora. To amma matsa a ajin Mutum aka rubuta shi, Mutum kuma yake mayarwa. Nan take Lua ta manta cewa soja ne a hannunta. Da an zo kan harba, wanda Soja kaɗai ya iya, sai ta tsaya, ta ce nil ake ƙoƙarin kira, alhali a C++ abin bai sauya ba.

A ganina gyaran da ya fi tsafta shi ne kada a naɗe sabon userdata, a mayar wa Lua ainihin wanda ta miƙo. Yin haka yana kauce wa wata fitinar ma: naɗi biyu a kan abu ɗaya, kowanne da __gc nasa, sai mai kwashe shara na Lua ya goge abin sau biyu, wasan ya rushe ana tsakiyar bugawa.