Fuloti da Maƙwabci: Nazari a kan Cunkoson Sababbin Gidaje a Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya san hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Jega, wadda ta ratsa ƙasar Boɗinga ta bi ta Shagari, zai shaida cewa gonakin gero da ke bakin titi a da, waɗanda ake hango rumbuna daga bayansu, yawancinsu yanzu an kakkafa musu duwatsun iyaka, an yanka su fuloti-fuloti, har wasu an aza harsashi. Da wannan sauyi kuwa wata mas'ala ta taso wadda ake jayayya a kanta a zauruka da bakin masallatai, watau gida nawa ya kamata a gina a fili guda, kuma wace tazara ce ta dace a bari tsakanin mutum da maƙwabcinsa.

Ƙananan hukumomin nan biyu, ko da yake hanya ɗaya ta haɗa su, halinsu ya sha bamban. Ƙidayar 2006 ta ba Boɗinga mutum kimanin 175,000, ta ba Shagari kimanin 156,000, alhali faɗin ƙasar Shagari ya ninka na Boɗinga fiye da sau biyu. Matsin ƙasa a wajen Boɗinga daɗaɗɗen al'amari ne, domin tana cikin da'irar ƙauyukan da suka kewaye birnin Sakkwato, inda tun ƙarshen shekarun 1960 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, da suka zauna a Takatuku da wasu ƙauyuka biyu, suka tarar ana noma ƙasar kowace damina ba hutu, gonaki sun ƙanƙance, samari kuwa sai cin rani. Asalin taruwar ya fi haka nisa: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga, kuma inda malami ya sauka nan almajirai da masu sana'a kan kafa bukkokinsu.

Sababin farko na cunkoson yau shi ne gado. Idan magidanci ya rasu ya bar gida mai zaure da shigifa da tsakar gida mai faɗi, ya kuma bar 'ya'ya maza biyar da mata huɗu, to, bayan an yi rabo bisa farilla, kowane namiji ya ja katanga a kasonsa, sai ka ga gida ɗaya ya zama biyar, kowanne da ƙofarsa da masai nasa, turken awaki da bishiyar dogon yaro da aka gada duk sun tafi cikin ginin. Gandu, wanda a da yake riƙe 'yan'uwa a tukunya ɗaya, ya yi rauni ƙwarai, amaryar yanzu kuma ba ta cika yarda ta zauna ƙarƙashin idon surukarta ba. Sababi na biyu kuɗi ne. Ma'aikacin da tsadar fili ta koro daga cikin Sakkwato yakan dubi Boɗinga, dillali kuwa da ya lura mai saye ba ya iya biyan fulotin ƙafa hamsin da ɗari, sai ya raba shi biyu ya sayar hamsin da hamsin, in kuma awon igiya ne, wanda ba jami'in safiyo da ya leƙa, ya ɗan tsakuro daga hanya ya ƙara a fuloti. Na uku shi ne tsoro, gama tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar da wasu sassan kudancinta, mutanen da suka saba zaman tunga a tsakiyar gonakinsu sun fara ganin kusantar jama'a ita ce kariya, ko a Shagari inda filin bai yi ƙaranci ba.

Ra'ayoyin mutane sun rabu gwargwadon abin da kowa yake tsoron rasawa. Dattawa galibi suna son yalwa, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40: gidan da ba shi da tsakar gida ba shi da wurin kwana a watan Afrilu, ba wurin daka, ba wurin shanya, mace mai kulle kuma ta zama kamar an sa ta a akwati. Sukan tuna da sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, su ce ɗaki mai mutum takwas da taga guda ai gayyatar ciwo ne. Samari masu neman aure suna amsawa da cewa, "Baba, ku kun sami fili da goro da godiya, mu da bashi muke saye." Manomi yana da nasa lissafin, wanda sau da yawa ya saɓa wa na dattijon da ke kusa da shi a sahu, domin kowane gida mai faɗi da aka gina a gefen gari gonar da aka daɗe ana zuba mata taki ce ta tafi, kuma gonakin bakin gari su ne mafi albarka.

Abin mamaki a nan, mutum ɗaya yakan riƙe ra'ayi biyu ba tare da ya ji wani saɓani ba. Wanda ya yi ƙorafi da safe cewa maƙwabcinsa ya toshe masa iska, shi ne da la'asar zai kira magini ya ƙara ɗakuna biyu na haya a ragowar filinsa. Ban ga laifinsa sosai ba. Darura ce ke magana a wuri ɗaya, al'ada a ɗayan.

Garin Shagari ya fitar da mutumin da ya yi babban gwaji a kan wannan batu. Alhaji Shehu Shagari, da ya hau mulki a 1979, gwamnatinsa ta ƙudura gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha, mafi yawansu ƙanana domin masu ƙaramin ƙarfi, kuma kafin juyin mulkin ƙarshen 1983 abin da aka kammala bai kai ko kusa da abin da aka nufa ba. Niyyar kyakkyawa ce, amma a wurare da dama an aza gidajen nesa da gari, a jere cikin fili fetal, ɗaki ɗaya da falo, ba zaure, ba katanga, har wasu suka daɗe ba kowa. Inda aka shiga kuwa, abin da mazauna suka fara yi shi ne kewayewa da ƙara ɗakuna. Wannan ya nuna mana cewa yalwar da Bahaushe yake nema ta cikin katanga ce. Filin da ke waje, wanda ba na kowa ba, bai ɗauke shi a bakin komai ba, shi ya sa yake saurin zama juji.

Fukaha'un mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan wannan ƙasa, sun riga sun tattauna mas'alar bisa ƙa'idar hana cuta da cutarwa, kuma hukuncinsu zai ba masu son yalwa mamaki. A Mukhtasar na Halilu, ana tilasta wa mutum toshe tagar da ya buɗe in tana leƙa gidan maƙwabci, ana hana shi hayaƙi da wari da abin da zai cuci bango ko rijiya, amma ba a hana shi ɗaga gininsa don kawai ya tare rana ko iska, sai fa in masussuka ya tare wa iskar. Hadisi ya ƙayyade faɗin hanya, idan an yi jayayya, da zira'i bakwai. Malam Abdullahi da kansa ya wallafa Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar matacciyar ƙasa da hurumin da ke kewaye da gari da rijiya. Watau shari'a ba ta ƙi kusanci ba, ba ta ma ƙi bene ba. Sutura da hanya da ruwan sha ta tsare. Tsoffin unguwanninmu a cunkushe suke, amma ƙofofi ba sa kallon juna, kuma zaure yana tare ido.

Illar da nake gani a sababbin unguwanni ita ce sun haɗa aibin ɓangarorin biyu. Daga nesa a warwatse suke, gida nan, kango can, fuloti goma da masu kuɗi suka saya suka ajiye suna jiran tsada, abin da ke sa jan wuta da famfo ya yi wa hukuma nauyi. Daga kusa kuwa a matse suke: lungun da mota ɗaya ba ta juyawa, indararon wannan yana zuba a bangon wancan, masai taku kaɗan daga rijiyar maƙwabci, ruwan wanka yana kwance a ƙofar gida saboda ba wanda ya bar wurin lambatu. Zira'i bakwai, wajen mita uku da rabi ke nan, an auna shi ne da raƙumi da kayansa, ba zai wadaci motar kashe gobara da tankar ruwa ba, amma lungunan awon igiya da yawa ko wannan ba su kai ba.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a karkara, sai dai a aikace cinikin yakan ƙare ne tsakanin mai gona da dillali da mai unguwa, takarda ta biyo baya in ta biyo. A ganina jayayya a kan girman fuloti ba za ta kai ko'ina ba a Boɗinga, domin farashi ya riga ya yanke hukunci, kuma hana ƙaramin fuloti hana talaka gida ne. Abin da hukuma da hakimai za su iya riƙewa shi ne a fitar da hanya da magudana da filin makaranta da maƙabarta tun gona tana gona, kafin a kafa dutsen farko, a kuma ƙayyade tazarar masai da rijiya da inda tagar bene za ta fuskanta. Shagari tana da sauran lokaci, tun da matsinta bai kai na maƙwabciyarta ba, kuma gonakin da ke bayan garin har yanzu a hannun magadansu suke.