Kafin A Fiɗiye Kyanwarka, Tambayi Maganin Ciwo

Ni likitar dabbobi ce, kuma tambayar da masu kawo kyanwa fiɗiya suka fi yi mini ita ce, "Likita, za ta farka kuwa?" Wadda ba kasafai nake ji ba, alhali ita ta fi damuna, ita ce: in ta farka, me zai hana ta shan azaba?

Fiɗiya tana da amfani. Muzurun da aka fiɗiye yakan rage yawon dare da faɗa da fesa fitsari a bango. Macen kuwa, wadda kan iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, sai ta huta da yawan haihuwa. Aikin namiji na 'yan mintuna ne. Na mace ya fi nauyi, don sai an buɗe ciki an cire ƙwan haihuwa, galibi har da mahaifa.

Sa barci daban, kashe ciwo daban. Allurar barcin da aka fi samu a asibitocinmu haɗin zailazin ne da ketamin. Ba a jimawa jikin kyanwa zai saki, amma idanunta a buɗe suke zama saboda ketamin, shi ya sa muke shafa musu mai kada su bushe. Zailazin yakan sa amai, don haka muke cewa a ɗauke mata abinci na wasu sa'o'i kafin a kawo ta. Jikinta kuma yana saurin yin sanyi, sai mun lulluɓe ta, balle da hunturu.

Matsalar ita ce ƙarfin waɗannan allurai yakan gushe cikin awa ɗaya ko biyu, zafin yanka kuwa sai ya kwana ya wuni. Don haka tun wuƙa ba ta taɓa fata ba nake ba da maganin ciwo. Lidoken yana kashe wurin da za a yanka. Bufrenofin, inda ake samunsa, yana riƙe ta awa 6 zuwa 8. Allurar meloksikam ɗaya tana aiki kusan awa 24, amma ba a yi wa kyanwa mai ciwon ƙoda ko wadda ruwan jikinta ya yi ƙasa. Kowanne sai an ɗora ta a sikeli, don gwargwadon nauyinta ake auna shi.

Kare in yana jin ciwo galibi yakan nuna. Kyanwa kuwa laɓewa take yi ta yi shiru, sai mai ita ya ce ai ta samu sauƙi. A 2019 masana a Jami'ar Montiriyal ta Kanada suka fitar da ma'aunin gane ciwo daga fuskar kyanwa, mai duba abubuwa 5: kunnuwa, idanu, baki, gashin baki, da yadda ta riƙe kai. Kai ma za ka iya dubawa a gida. In kunnuwanta sun kwanta gefe, idanu sun ƙanƙance, baki ya ɗaure, gashin baki ya miƙe, ta sunkuyar da kai ƙasa da kafaɗa ta duƙunƙune, to wahala take sha. Kira likita.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a ba ta farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta: dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Tausayi ne ke sa mutane ba ta, amma guba ce. Haka kuma kada a yi wa muzuru dandaƙa ko ɗaurin roba a gida.

Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi. Duk inda ka kai ta, tambayi likita wane maganin ciwo za a ba ta, da tsawon lokacin da zai yi aiki, da abin da za ka lura da shi a gida. Dabba amana ce a hannunka, kuma ba ta da bakin yin wannan tambaya.