Bashin Kati da Ake Cewa Babu Ruwa a Kansa

Tun da 'yan'uwanmu suka fara yawaita a Ingila da Amurka, wasu don neman ilmi, wasu don aikin jinya da likitanci, wata magana ta riƙa yawo tsakaninsu da danginsu na gida, cewa bankunan can suna ba da rance na shekara biyu ko fiye ba tare da ko anini na ruwa ba, har ta kai wasu iyaye da yayye suna matsa wa nasu lamba su ciwo wannan kuɗi a sayi fili ko a ɗaga gini, tun da a ganinsu dukiya ce aka ajiye a hanya, ba ta jiran komai sai mai ɗauka. Maganar tana da asali, amma an datse mata kai da ƙafa kafin ta iso.

Asalin abin shi ne, mutumin da bashi ya taru masa a katin wani banki, ana ɗora masa ruwan da ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, sai wani bankin dabam ya yi masa tayin ya buɗe kati a wurinsa, shi bankin ya biya masa tsohon bashin, bashin ya dawo kansa, sa'an nan a ɗage masa ruwa har zuwa wani wa'adi ƙayyadadde. A Amurka wa'adin yakan kama daga wata 12 zuwa 21. A Ingila kuwa, inda gasar bankuna ta fi zafi, ya taɓa zarce wata 40 a wajajen 2017, kafin ya ja baya. Kuɗin ba ya shiga hannun mutum, daga banki yake tashi ya faɗa wani banki, kuma ba a yarda a yi wannan sauyi tsakanin katuna biyu na banki ɗaya ba. Wanda ya je na'ura ya zari tsabar kuɗi da irin wannan kati, yana zaton rangwamen ya haɗa da shi, to tun daga ranar ruwa ya fara hawa kansa.

Abu na farko da masu yaɗa labarin suke tsallakewa shi ne la'adar sauyi, wadda ake ɗorawa a kan bashin tun ranar farko, yawanci wajen kashi 3 cikin 100, a Amurka ma takan kai kashi 5. Wanda ya sauya bashin fam 3,000 ya wayi gari ana binsa 3,090. In a wata 24 zai biya, wannan fam 90 ba wani abin tashin hankali ba ne idan aka gwada shi da abin da tsohon katin zai ci. Amma ga mai niyyar rance na ɗan lokaci, wanda yake cewa wata uku kacal yake bukata kafin wani kuɗi ya shigo masa, lissafin ya sha bamban, domin kashi 3 a wata uku daidai yake da kashi 12 a shekara, kuma ba a mayar masa da ko kwabo don ya gaggauta biya. Wato gwargwadon gajartar lokacin, gwargwadon tsadar la'adar. Akwai katunan da ba su da la'ada, wa'adinsu ya fi gajarta, su ne suka dace da irin wannan mutum, sai dai ba su ake fi kambamawa a talla ba.

Sai a tambaya, mene ne ribar banki? Wanda ya san yadda fatoma yake sauke fatake a zamanin da, ya ba su ɗaki da tuwo da wurin ɗaure dabbobi bai karɓi komai ba, ya san cewa karamcin yana da lissafi a bayansa, domin ta hannunsa za a sayar da kayan, la'ada tasa ce, kuma baƙon da ya saba da gidan ba ya saurin canja masauki. Haka banki yake: ya karɓi la'adarsa a ƙofa, sa'an nan ya zauna yana jira, saboda ya sani daga littattafansa cewa a cikin masu shigowa akwai adadi mai yawa da wa'adi zai cim musu ba su gama biya ba. Abin da yake taimaka masa kuwa shi ne mafi ƙarancin biyan da ake rubutawa a takardar wata-wata, wanda a Ingila yakan sauka har zuwa kashi 1 cikin 100 na bashin. Mai bashin 3,090 da yake son ya fita tsaf a wata 24 wajibi ne ya riƙa biyan kusan fam 129 kowane wata. In kuwa ya tsaya a kan fam 30 ɗin da takarda ta nema, yana jin daɗi a ransa cewa bai saɓa alkawari ba, to ranar da wa'adi ya cika zai tarar da wajen fam 2,400 na nan daram, ruwa ya sauko musu da cikakken ƙarfinsa, kusan fam 45 a wata guda, ban da uwar kuɗin.

Bayan wannan akwai sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. A Ingila jinkirin biya sau ɗaya, ko ƙetare iyakar katin, yana iya sa a janye rangwamen baki ɗaya. A Amurka dokar katunan bashi ta 2009 ta hana a janye shi sai jinkiri ya kai kwana 60. Sabuwar sayayya da katin, in ba a ambace ta cikin rangwamen ba, tana ɗaukar ruwa. Hukumar FCA mai sa ido kan bankuna a Ingila ta fito da ƙa'ida a 2018, ta wajabta wa bankuna su tuntuɓi duk wanda ya shafe wata 18 yana biyan ruwa da caji fiye da abin da yake ragewa daga uwar bashi, kuma wannan mataki ne mai kyau. Amma ni a ganina ya zo a makare ga mai bashin, domin wanda aka bar banki ya rubuta masa sifiri da manyan baƙaƙe, ya tura ranar ƙarewar wa'adi can ƙasan shafi, ba wasiƙar gargaɗi bayan shekara ɗaya da rabi ce za ta fisshe shi ba. Jama'a ma suna da nasu laifin: da yawa sukan bar tsohon katin a aljihu bayan an share shi, su sake cika shi, bashi ya zama biyu.

Ga Musulmi kuwa mas'alar ba ta tsaya a lissafi ba. Wasu suna kiran wannan mu'amala hawala, wato mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani, alhali kuwa in an duba haƙiƙarta sabon rance ne aka ci aka biya tsoho da shi, kuma yarjejeniyar da aka sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin riba idan wa'adi ya wuce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta tafi a kan cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka sharɗanta riba a cikinsa ba, ko da mai shi ya ƙudurta zai biya kafin ruwa ya hau; ita kuma la'adar da ake yankewa gwargwadon yawan bashi, ba gwargwadon ainihin hidimar da aka yi ba, fuƙaha'u da dama suna ganin ƙari ne a kan rance da aka sauya wa suna. Wasu malaman da suke zaune a ƙasashen Turai sun sassauta saboda bukata, musamman ga wanda ya riga ya faɗa cikin bashin riba yana neman hanyar da zai rage ta ya fita. Tsakanin wannan bawan Allah da wanda ba kowa ke binsa ba, ya tashi ya je ya ƙulla sharaɗin da hannunsa don ya sayi fili, akwai tazara mai nisa, kuma bai kamata fatawar ɗaya ta zama hujjar ɗayan ba.

Saura batun tura kuɗin gida, wanda shi ne ya fi damuna. Akwai wani nau'in kati a Ingila da yake zuba kuɗi kai tsaye a asusun mutum, la'adarsa takan kai kashi 4, kuma da shi masu wannan dabara suke amfani. Bashin da fam aka ci shi, da fam za a biya. Wanda ya ci irinsa a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya zuba shi a haja ko fili a Kano, yana sa ran ribar naira ce za ta biya, da shekara ta zagayo ya ga dala ta haura naira 1,400 bayan an saki farashin canji a watan Yunin 2023, fam ma ya bi sahu. Filin yana nan, mai yiwuwa har ya ƙara daraja a naira, amma ba a sayar da fili a mako guda, bankin kuwa ranar da ya rubuta ita ce ranarsa. In biya ya gagara, sunan ɗan ko ƙanen da aka matsa wa ne zai ɓaci a rajistar masu bin diddigin bashi, kuma a Ingila irin wannan tabo shekara 6 yake yi a rubuce, yana iya tare masa hanya idan ya nemi gidan haya ko kwangilar waya.